Injin Sassaƙar Ƙarfe: Mai Gwiwa Ko Mai Gado?

Injin sassaƙar ƙarfe shi ne wanda ake ɗaure gutsuren ƙarfe a kan teburinsa, sannan wani baki mai haƙora da ke juyawa a ƙarshen mazari ya riƙa fiƙe shi har ya fitar da siffar da ake bukata. A shekarar 1952 ne masana a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna injin farko da ke karɓar umarni daga lambobi, kuma daga nan aka samo tsarin CNC, wato kwamfuta ce ke jan ragamar injin. Mai ƙaramar maƙera da ya tara kuɗin sayen inji ɗaya tak yakan tsaya tsakanin iri biyu, kuma bambancinsu yana ga abu guda: wane ɓangare ne ke hawa da sauka?

A inji mai gwiwa, teburin yana zaune a kan wani ƙarfe da ya turo daga jikin ginshiƙi kamar gwiwar mutumin da ke zaune, kuma wannan gwiwa ce ake ɗagawa ko a sauke. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin Bridgeport, da aka fara ƙerawa a 1938. Ana iya karkata kansa zuwa kusurwoyi daban-daban, kuma maƙeri na iya huda rami da hannu, yana jin taurin ƙarfen a tafinsa. Ga mai gyare-gyare, wanda yau a kawo masa wannan gobe wancan, babu kamarsa, ga sauƙin kuɗi da rashin cin wuri.

Sai dai idan aka haɗa shi da kwamfuta, rauninsa kan fito fili. Gwiwar tana da nauyi ƙwarai, don haka galibi kwamfutar ba ta taɓa ta. Bututun da ke riƙe da mazari kawai take turawa, shi kuwa tafiyarsa ba ta wuce inci 5, wato milimita 127. Idan aikin na bukatar dogon baki sannan gajere, dole a tsaya a murɗa gwiwar da hannu, a sake awo daga farko. Bugu da ƙari, gwargwadon fitowar bututun, gwargwadon yadda yake lanƙwasa. Ɗalibi zai gane haka idan ya riƙe bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu, sannan ya jawo shi kusa da ƙirji. Lanƙwasar nan ce ke haifar da karkarwa, wadda ke ɓata fuskar aiki ta kuma dakushe haƙoran baki.

Inji mai gado kuwa teburinsa na kan gado mai nauyi da ba ya motsi, kan injin gaba ɗaya ne ke hawa da sauka a jikin ginshiƙi bisa umarnin kwamfuta. Saboda haka yana ɗaukar kaya masu nauyi da tsayi, yana kuma yanka mai zurfi ba tare da karkarwa sosai ba. Ya fi tsada, ya fi cin wuri.

Maƙerar da ke fitar da abu iri ɗaya sau ɗari, musamman daga ƙarfe mai tauri, mai gado ya dace da ita, ko da za ta jinkirta saye har kuɗin su cika.