Bayan aikin rage tumbi: idan sikeli ya tsaya cik, mene ne abin yi?

A ƴan shekarun nan aikin rage tumbi domin maganin ƙiba mai yawa ya daina zama labarin Turai da Amurka kaɗai. Ƙasashe irin su Tunisiya, Turkiyya da Masar sun yi suna wajen wannan aiki, kuma masu hali kan kashe miliyoyin sefa su je a yi musu, musamman waɗanda ciwon sukari, hawan jini da ciwon gwiwa suka hana su sakat. A satin farko da na biyu kilo kan yi ta zuba, kowa na barka. Sai kwatsam a wayi gari sikeli ya tsaya wuri guda, sati biyu, sati uku, ko motsi babu. A nan ne hankali ke tashi, Hajiya ta fara tunanin ko kuɗinta sun faɗa rijiya. To, a kwantar da hankali. Wannan tsayuwa sananniya ce wurin likitoci, kuma ba ta nufin aikin ya ɓaci.

Me aka yi wa tumbin?

Aikin da aka fi yi a yau shi ne wanda likitoci ke kira silib, inda ake yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Na biyu shi ne wanda likita Edward Mason ya fara a Amurka cikin shekarar 1966: ana ware ɗan aljihu a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Dukansu biyu suna rage yawan abin da mutum ke iya ci, suna kuma rage jin yunwa. Galibi wanda aka yi wa aikin kan rage kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa, cikin wata 12 zuwa 18. Ke nan mai kilo 120 za ta iya sauka zuwa wajen 85 ko 90. Wadda ta sa ran komawa jikinta na budurci, ita ce za ta fi shiga damuwa.

Dalilin tsayuwar

Tsayuwa ta farko kan zo wajen sati na 3 bayan aiki. Jiki na ajiye sukari cikin hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da aka daina cin abinci sosai, ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita, shi ya sa kilo ya zuba da sauri. Lokacin da jiki ya soma mayar da ajiyarsa, ruwan sai ya dawo, sikeli ya tsaya, alhali kitse na ci gaba da narkewa. Wannan takan wuce da kanta.

Tsayuwa ta biyu kan zo bayan watanni, kuma ita ce ke son lura. Babbar mota ta fi kabu-kabu shan mai. Haka jiki yake: da ya ragu, abincin da yake ƙonawa a yini shi ma ya ragu. Bugu da ƙari, idan tsoka ta zube tare da kitse, ƙonawar sai ta ƙara yin ƙasa. A daidai lokacin ne kuma tumbi ke ɗan saki, sha'awar abinci ta fara dawowa.

Inda ribar ke zurarewa

Kowace ƴar kasuwa ta san ba sai ɓarawo ya fasa shago ake karyewa ba. Dala-dala da ke fita ba lissafi ita ke cinye uwar kuɗi. Ƙaramin tumbi yana tare tuwo da nama, amma ba ya tare abin sha. Hura da sukari, kunun zaƙi, zoɓo, lemun kwalba da shayin da ake zagayawa da shi rumfa-rumfa, duk wucewa suke yi salin-alin. Lemun gwangwani guda na santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato wajen ƙwaya 7. Sai kuma ɗan taɓe-taɓe: fanke ɗaya da hantsi, gyaɗa da azahar, soyayyar doya da la'asar. Ba a jin an ci komai, amma da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka matakin farko shi ne lissafi. A ɗauki ɗan littafi kamar na bashi, a rubuta duk abin da ya shiga baki har kwana 7, ko da ɗanɗanon miya ne. Yawanci ɓarnar a nan take bayyana.

Abin da ya kamata a yi

A fara cin abinci mai gina jiki kafin komai. Likitoci na son a samu aƙalla giram 60 na furotin a yini. Ƙwai ɗaya na ba da giram 6, dafaffen nama, kifi ko kaza giram 100 na ba da wajen giram 25. Wake, awara, cuku, fara da nono marar sukari su ma suna taimakawa, a dai rage mai wajen suya. Bayan su sai ganye, irin su zogale da kabeji. Tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe, idan da sauran wuri. A tauna sosai, a ci a zaune, sau uku a yini da ɗan ƙari idan likita ya ce.

Ruwa kuwa a sha aƙalla lita 1 da rabi, kurɓi-kurɓi, fiye da haka a zafin watan Afrilu da Mayu. Amma kada a haɗa shi da abinci. A jira minti 30 bayan an ci.

Zaman rumfa daga safe zuwa magariba shi ma yana da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a sati, wato tafiya da sauri ta minti 30 har kwana 5, da aikin ƙarfafa tsoka sau 2 a sati, bayan likita ya ba da izini. Sikeli kuma a hau shi sau ɗaya a sati, da safe. A riƙa auna ƙugu da abin awon tela, domin sau da yawa zane kan yi sako-sako tun kilo bai motsa ba.

Abin da za a guje wa

Kada a ƙuntata wa kai da yunwa, domin tsoka ce za ta zube. Kada a sayi shayin rage ƙiba ko ƙwayoyin sa zawo da fitsari wurin masu yawo da magani. Ruwa suke fitarwa, ba kitse ba, kuma suna iya taɓa ƙoda. Akwai allurai irin su Ozempic da likita kan iya rubutawa idan ya ga dacewa, to amma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an gano na jabu a wasu ƙasashe. Sai da takardar likita, kuma daga farmasi.

Yaushe za a koma asibiti?

Idan tsayuwar ta wuce wata guda cikin shekarar farko, ko nauyi ya fara hawa, a nemi likita da takardun aikin a hannu, ko a Yamai ake, ko Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Za a duba jini, domin bayan wannan aiki bitamin B12, bitamin D, sinadarin ƙarfe da na ƙashi kan yi ƙaranci, kuma shan magungunansu na tsawon rai ne. Mata su sani haihuwa kan buɗe bayan an rage ƙiba, shi ya sa ake son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Idan al'ada ta yi jinkiri, a yi gwaji. Amai marar tsayawa, ciwon ciki mai tsanani, jiri ko mutuwar ƙafafu kuwa, ba a kwana da su a gida.

Daga ƙarshe, sikeli ba shi kaɗai ne alƙali ba. Wadda sukarinta ya daidaita, hawan jininta ya sauka, take zagaya kasuwa ba tare da haki ba, ta riga ta fara cin ribar kuɗinta. Sauran kuma haƙuri ne da lissafi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba da kasuwa mai albarka.