Iccen ƙirya yana ƙarewa a jihar Maradi

Turmin da matan Zariya, da na Tibiri, da na Jiratawa suka fi so shi ne na ƙirya. Gara ba ta cin shi, kuma yana daɗewa har uwa ta bar wa ɗiyarta. Maƙera ma gawayin ƙirya suke nema, don wutarsa tana da ƙarfi, ba ta saurin mutuwa. Da iccen ake yin taɓarya, da ƙotar gatari, da dirkar rumbu. Dabbobi na cin kwaɓarsa, mata kuma na yin daddawa da ƴaƴansa. To amma yau wannan icce mai amfani ya yi ƙaranci a kewayen Maradi.

Kowane icce da wurin da yake so. Goriba ta fi son kwari inda ruwan ƙasa yake kusa, kamar Gulbin Kaba. Ita ƙirya ta fi son jigawa da ƙasa mai marmara, musamman saura, wato gonar da aka bari ta huta. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan, inda ruwan sama yake kai milimita 600 ko fiye a shekara. Maradi kuwa ruwanta milimita 500 ne ko kusa da haka. Ke nan jihar tana bakin iyakar ƙasar ƙirya ta arewa. Shi ya sa aka fi ganinta kudu, wajen Madarunfa da dajin Baban Rafi, kuma shi ya sa farin 1973 da na 1984 suka yi mata illa.

Bayan fari sai gatari. Masassaƙa manyan itatuwa suke zaɓe, waɗanda su ne ke ba da iri. Ƙananan kuma ba su samun tashi. Ƙwayar ƙirya tana da ɓawo mai tauri, ba ta tsirowa da sauri. Wadda ta tsiro, akuya ta cinye ta da rani, ko hauya ta datse ta da damina. Ga shi mutane sun yi yawa, an daina barin saura. Iccen kuma ba ya saurin girma: wanda aka sare rana ɗaya ya yi shekaru masu yawa kafin ya isa turmi.

Akwai magani, kuma a nan jihar aka samo shi. A shekara ta 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aikin sassaben zamani tare da manoman Maradi. Manomi ba ya ƙone kututture. Yana zaɓen tofo biyu ko uku masu ƙarfi, ya rage sauran, ya yi ta gyara su kowace shekara. Ta wannan hanya aka rayar da gonaki wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturen ƙirya ma yana tofowa idan an ƙyale shi, kuma ganyenta da saiwarta suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. A shekara ta 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta ba manomi iko a kan iccen da ya raina cikin gonarsa.

Inda babu kututture, sai shuka. A tsinci kwaɓa busassa da rani, a fasa, a fidda ƙwaya. A zuba mata ruwan zafi, a bar ta ta kwana ciki, ko a ɗan kankare ɓawon da wuƙa. Sannan a shuka cikin leda, a dasa idan damina ta zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Mai neman ganyen dabbobi ya sare reshe kaɗan, kada ya aske iccen duka. Wanda kuma yake bukatar sare babba, ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji.

Ranar 3 ga watan Agusta ake bikin dashen itatuwa. Ya kamata kowane gari ya sa ƙirya cikin abin da zai dasa bana, kuma ya naɗa wanda zai kula da ita har ta fi ƙarfin akuya.