Alherin Allah Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

A cikin 'yan shekarun nan wata al'ada ta yi kaka-gida a waɗansu majami'u da wuraren addu'ar dare na garuruwanmu, wadda bai kamata mai kishin addinin Almasihu ya ci gaba da kawar da kai gare ta ba, watau al'adar yanka wa alherin Allah farashi. Sai ka ga an jera kwalaben man zaitun a kan teburi, ƙarama da kuɗinta, babba da kuɗinta, an rarraba ambulan ga jama'a, mai wa'azi kuwa yana kiran masu naira 50,000 su fara fitowa ya ɗora musu hannu ɗaya bayan ɗaya, har a gangaro kan masu 500, waɗanda akan yi wa addu'a a dunƙule, a gurguje, wai dare ya yi. Suna kiran wannan shuka iri, suna kuma gaya wa gwauruwa da marar aikin yi cewa gwargwadon abin da ka shuka gwargwadon rahamar da za ta sauko maka.

Alheri dai, a koyarwar Kirista, tagomashi ne da Allah yake yi wa ɗan Adam ba domin ya cancanta ba, ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, ana kuwa karɓarsa ta bangaskiya, kamar yadda Manzo Bulus ya bayyana a sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa. Abin da ake sa wa kuɗi kuwa ciniki ne, ko da a gaban bagade aka ƙulla shi.

Hujjojin da suka rushe wannan bidi'a ba ɓoyayyu ba ne. A Littafin Ayyukan Manzanni sura ta 8, wani Siman mai sihiri a Samariya, da ya ga mutane suna karɓar Ruhu Mai Tsarki ta wurin ɗora hannun manzanni, sai ya miƙa kuɗi domin a ba shi wannan iko, Manzo Bitrus kuwa ya tsauta masa da kakkausar murya, ya umarce shi ya tuba. Tun kafin wannan, Annabi Elisha ya ƙi karɓar kome daga Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, bayan ya warke daga kuturta, amma baransa Gehazi ya bi bayan baƙon a asirce ya karɓo azurfa da tufafi, sai kuturtar ta koma kansa. Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, wane iri ya shuka, alhali hannuwansa suna kan gungume, bai mallaki ko tufar jikinsa ba? Duk da haka aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan. Nakan yi mamakin yadda mutum zai karanta waɗannan surori ran Lahadi da safe, sa'an nan da maraice ya jera kwalabe.

Mas'alar kuma ba sabuwa ba ce a tarihin ikkilisiya. Malamai sun yi muƙabala a kanta tun zamanin Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, wanda ya yi jayayya da wani malami mai suna Pelagiyus a kan ko ɗan Adam yana iya kaiwa ga adalci da ƙoƙarin kansa, har majalisar Kartaj ta shekarar 418 ta yanke hukunci cewa ba ya iyawa sai da alherin Allah. In kuwa ƙoƙari da ibada ba su isa su saye shi ba, ina ga takardar kuɗi! A shekarar 1517 wani mai wa'azi, Yohan Tetzel, ya yi ta yawo a ƙasar Jamus yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, ana cewa kuɗin na ginin majami'ar Bitrus ta birnin Rum ne, alhali wani kaso yana tafiya wajen biyan bashin babban bishop na Mainz. Wannan ne ya sa Martin Luther ya rubuta mas'alolinsa 95 a Wittenberg, abin da ya zama mafarin rabuwar ikkilisiyar Yamma. Adalci ya wajabta a faɗi cewa Katolika da kansu sun gyara wannan ɓarna, domin Paparoma Pius na Biyar ya soke duk irin takardun da ake haɗawa da kuɗi a 1567, a shekarar 1999 kuma wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a birnin Augsburg a kan cewa ceto ta wurin alheri ne kaɗai. Abin takaici, waɗanda suke farfaɗo da kasuwar Tetzel a yau galibinsu suna kiran kansu magadan Luther ne.

Akwai kuma masu zaton tun da alheri kyauta ne sai a yi ta sheƙe aya. Bulus ya riga ya amsa musu a Romawa sura ta 6 cewa ba haka ba ne.

To, ya ɗan'uwa mai karatu, kada ka sayar da akuyarka, ko hatsin da ka ajiye na iri, ko ka taɓa kuɗin makarantar 'ya'yanka, domin wani ya ce ƙofar sama za ta rufe da ƙarewar taro, balle ka ci bashi da ruwa don cika ambulan. Baiko da zakka suna da muhallinsu, gama da su ake riƙe fasto da mai bishara, a gyara rufin majami'a, a taimaki marayu, amma godiya ce ta wanda ya riga ya karɓa, ana bayar da su da yardar rai gwargwadon hali. Shafa wa marar lafiya mai yana cikin wasiƙar Yakubu sura ta 5, inda aka ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a, ba a kuwa ambaci ko sisin kwabo ba, saboda haka in an ce maka sai man wane ne yake aiki, ka tambaya cikin ladabi: “Baba Fasto, a wace sura aka rubuta haka?” Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, ba mu da uzurin jahiltarsa. Marar lafiya kuwa a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, kada a zubar da maganin hawan jini ko na ciwon sukari domin an sayi kwalba. Dattawan ikkilisiya su riƙa neman a karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, su kuma bincika baƙon mai wa'azi kafin a ba shi mumbari, daga wace ikkilisiya ya fito, wa ya san shi. Shugabannin zumuntar mata, waɗanda suka fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, su ja kunnen 'yan'uwansu tun kafin ranar taro, in kuma sun sami labarin gwauruwar da ta riga ta ba da jarinta, su kai maganar gaban dattawa a nemi a mayar mata.