Wayar Intanet a Jami'o'i: Amfaninta da Inda Gizo Ke Saƙar

Uban da ya taɓa biyan kuɗin mota daga Taura ko Gujungu zuwa Dutse don tambayar da ba ta wuce ta minti biyu ba, ya san darajar lambar ofis da za a kira a ɗauka. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, layukan NITEL kuma suka mutu, yawancin ofisoshi sun dogara ne da layin ma'aikaci. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, lambar ta bi shi. Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da ta biyo baya a 2013, duk a wannan zamani suka taso.

Jami'o'i a ƙasashe da dama kuwa suna komawa wayar intanet. Kan waya ne a bisa tebur kamar na da, sai dai igiyarsa irin ta kwamfuta ce. Idan ka yi magana, na'ura takan mayar da muryarka bayanai, ta aika su ta intanet, a can gefen su sake zama murya, kamar kiran WhatsApp. Kowane ofis yana da gajeriyar lambarsa. Magatakarda zai kira ofishin kuɗi, mai gadin ƙofa ya kira asibitin makaranta, ba wanda ya sa kati. Lambar kuma ta ofis ce, ko wa ya zauna a kujerar. A Nijeriya an ɗauki hanyar tun 2014, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar da ta fara da haɗa jami'o'in tarayya 27.

To amma akwai abin lura. Wayar da can tana samun wutarta ne daga layin kamfani, ko an ɗauke wuta tana aiki. Wannan kuwa da KEDCO ta ɗauke, in babu sola ko batir, shiru kake ji. Haka in intanet ya yanke. A watan Maris na 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sun ji a jikinsu. Saboda haka makarantar da za ta sa wannan waya ta fara tanadin wuta, ta kuma bar layin salula a asibiti da ofishin tsaro. Ɗalibai su riƙe 112, lambar neman agajin gaggawa.

Babban haɗarin yana kan iyaye. Da wayar intanet, ɗan damfara yana iya sa lambar da ya ga dama ta bayyana a fuskar wayarka. Kana gindin inuwa bayan la'asar, kira ya shigo, murya mai ladabi ta ambaci sunan ɗiyarka, ta ce an samar mata gurbi ko ɗakin kwana, a tura kuɗi kafin magariba. Gaggawar nan ita ce tarkon. Gurbin karatu ta hannun JAMB yake fitowa, kuɗin jami'ar tarayya kuma ta Remita ake biya, ba a asusun wani mutum ba.

In irin wannan kira ya same ka, katse shi. Kada ka karanta wa kowa lambar sirrin da banki ya turo maka, ko ta BVN. Kira ɗalibin da kanka, sannan ka nemi ofishin da lambar da ke kan takardar makaranta. In zuciyarka ba ta kwanta ba, shiga motar Dutse. Gara ka yi asarar kuɗin mota da ka tura kuɗin riɗin da ka sayar ga muryar da ba ka san mai ita ba.