Gudu da Tsoro a Kan Babban Babur

Babban babur yakan kai gudun kilomita 100 a awa cikin 'yan daƙiƙu. A irin wannan gudu, mahayi yana shafe kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Idan kuwa gudu ya ninka, tazarar da babur zai ci bayan an kama birki takan ninka har sau huɗu. Wannan na cikin dalilan da suka sa doka ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari.

Tsoro iri biyu ne. Akwai mai amfani, wanda ke sa mahayi ya sassauta kafin ya shiga kwana, ya kuma yi hattara da yashi, ruwan sama da hazon hunturu. Akwai kuma firgita, wadda ke sa shi damƙe birkin gaba gaba ɗaya har taya ta zame, ko ya ƙura wa rami ido. Babur kuwa inda ido ya kalla, can yake nufa. Don haka wajibi ne mahayi ya dubi inda zai bi, ya matsa birkin gaba da na baya tare, a hankali.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana jaddada sanya hular kwano da ɗaure igiyarta. Mahayin da ya ji zuciyarsa ta fara ɗar-ɗar, to ya wuce gudun da ya iya. Sai ya rage. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.