Yadda A Ke Lissafin Jama'ar Agege Kafin A Raba Maganin Rigakafi

Kafin Ma'aikatar Lafiya ta aika da allurar rigakafi zuwa wata unguwa, sai ta san yawan mutanen da ke zaune a wurin. To, rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. An shirya wata a 2023, aka ɗage ta. Saboda haka ma'aikatan lafiya ba su da abin dogara sai ƙiyasi.

A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 460,000 a Ƙaramar Hukumar Agege ta Jihar Ikko, inda Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin fataucin goro ta jirgin ƙasa. A kan wannan adadi a kan ƙara kamar kashi 3 cikin 100 kowace shekara, watau jama'a za ta ninka cikin shekara ashirin da 'yan kai. Daga nan sai a ɗauka cewa kashi 4 cikin 100 jarirai ne da ba su cika shekara ba, kashi 20 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 5 kuwa mata masu ciki. Bisa ƙidayar 2006 kaɗai, jariran Agege sun kai 18,400. Da irin wannan lissafi a ke yanke yawan allurar ƙyanda da ta shan inna da ma'aikatan da za a tura.

Amma lissafin bai san baƙo ba. 'Yan cin rani su kan sauko bayan girbi su koma da damina. Wani ya kawo iyalinsa daga Katsina ko Sakkwato ba wanda ya rubuta. A lokacin ƙidaya ma, mutane da dama sun tafi gida don a ƙirga su can, alhali kuwa a Ikko 'ya'yansu ke zuwa asibiti. In adadi ya gaza, magani ya kan ƙare tun layi bai ƙare ba.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya kan bi gida gida kafin rigakafi, suna tambayar yawan yara, da taimakon Sarkin Hausawa da limamai. Wannan tambaya ba ta da alaƙa da haraji. Magidancin da ya faɗi gaskiyar yawan iyalinsa, ya kuma yi wa jaririnsa takardar haihuwa, ya ƙara wa unguwarsa rabon magani.