Sunan Gida Daban, Sunan Gem Daban: Ko Kin San Da Wane Suna Ake Kiran Ɗanki A Waya?

Wata maƙwabciyata ce ta faɗo mani da hantsi ranta a ɓace, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Maman Ummi, zo ki ji abin da ya ishe ni." Wai tana shara a ƙofar ɗakin samarinta sai ta ji muryar wani ƙato daga cikin wayar ɗanta yana ta kiran "Damisa! Damisa!", yaron kuma yana amsawa har da dariya. Yaro ɗan shekara 14, wanda aka yanka wa rago aka raɗa masa sunan kakansa, yau shi ne ya koma Damisa a bakin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Da ta titsiye shi sai ya ce ai sunansa ne na gem, kuma kowa da irin nasa. Ita kuwa a ganinta duk wanda ya ɓoye sunansa to akwai abin da yake ɓoyewa, saboda haka ta ba shi zaɓi, ko dai ya mayar da sunansa na gaskiya da hotonsa, ko kuma ta karɓe wayar.

Na ce da ita ta yi haƙuri, domin a wannan karon yaron ya fi ta gaskiya, ko da kuwa shi kansa bai san dalili ba.

Da yawa daga cikinmu idan aka ce gem, abin da ke zuwa mana a rai shi ne macijin nan na tsofaffin wayoyin Nokia, wanda mutum ke bugawa shi kaɗai har barci ya ɗauke shi. To 'yar uwa, zamani ya wuce nan. Wasannin da yaranmu suka duƙufa a kai, irin su Free Fire da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019, duk da mutane na gaske ake buga su ta intanet. A PUBG mutum ɗari ake zubawa a fili guda, a Free Fire kuma kimanin hamsin, ana yi ana magana da murya tamkar ana waya. A cikinsu akwai yara sa'o'insa, akwai magidanta masu gemu, akwai na ƙwarai, akwai kuma waɗanda ba wasan ne ya kawo su ba. Ke nan yaron da kike gani a kwance kan katifa yana danne-danne, a tsakiyar kasuwa yake, kasuwar da ta fi Kurmi cika.

Shin wace uwa ce za ta aiki ɗanta kasuwa ta rataya masa allo a wuya mai ɗauke da sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu da makarantar da yake zuwa?

Abin mamaki ma shi ne, mu Hausawa ba baƙi ba ne a wajen sakaya suna. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, matar kirki a da ba ta kama sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa kuwa sai ya girma ana ce masa Abba ko Baba ko Halifa, wani ma sai ranar ɗaurin aurensa maƙwabta za su ji sunansa na yanka. Ga su Ladi da Talatu da Jummai da Asabe, waɗanda sunan rana ya binne sunansu na asali. Babu wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya, alkunya ce da sutura. Sunan gem ma idan an yi shi yadda ya kamata labule ne tsakanin yaro da baƙin ido.

Su kansu masu buga wasannin sun daɗe da gane haka. A watan Yulin 2010 kamfanin Blizzard na Amurka, mai wasan World of Warcraft, ya ba da sanarwar cewa duk wanda zai yi rubutu a zauren tattaunawar 'yan wasan dole sai da sunansa na gaskiya, wai don a rage zage-zage. Jama'a suka yi caa, musamman mata, waɗanda suka ce hakan zai buɗe ƙofa ga masu bibiyarsu. Wani ma'aikacin kamfanin, don ya nuna babu abin tsoro, sai ya bayyana cikakken sunansa. Ba a jima ba mutane suka fara baza adireshi da lambar waya da bayanan dangi da suka tono da sunan nan kaɗai. Cikin kwana uku kamfanin ya janye maganar.

To amma fa sauya suna kawai ba ya wadatarwa, kuma nan ne yawancin yaranmu suke tafka kuskure. Yaro zai sa wa kansa Damisa, sai kuma ya liƙa shekarar haihuwarsa da sunan garinsu a ƙarshen sunan, ya gama faɗa wa duniya shekarunsa da inda yake. Wani kuma don gudun wahalar buɗe sabon asusu sai ya shiga wasan ta asusunsa na Facebook, wanda hakan kan jawo hotonsa na can ya bayyana a cikin wasan, ya kuma haɗa shi da abokansa na can. Wani sunan nan guda ɗaya shi ne a gem, shi ne a TikTok, shi ne a Instagram, ta yadda duk wanda ya rubuta shi a wajen bincike zai tarar da shi tsaye sanye da rigar makaranta, ga ƙofar gidansu a bayansa.

Babbar ɓarakar kuwa ita ce lambar waya. Da zarar an saba a wasa sai ka ji an ce, "Turo lambarka mu sa ka a guruf ɗinmu na WhatsApp." A Nijeriya tun daga watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma mafi yawan layukan da ke hannun yaranmu da sunan uwa ko uba aka yi musu rajista. Manhajar Truecaller kan nuna sunan da mutane suka ajiye lambar da shi. Haka nan idan aka ce yaro ya ci gasa ya turo lambar asusun banki a sa masa kuɗi, da an rubuta lambar cikakken sunan mai asusun zai fito, sau da yawa kuma asusun naki ne, uwargida. A wasu bankunan waya ma lambar asusun ita ce lambar wayar mutum, sifilin farko kawai aka cire. A irin wannan lokaci da muke ciki na 'yan damfara da masu garkuwa da mutane, wannan ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba, wato makirufo. Yaro yana wasa ya bar shi a buɗe, ke kuma kina tsakar gida kina ƙwala masa kira da sunansa, kina faɗa wa ƙanwarsa cewa babansu ya yi tafiya sai Juma'a zai dawo. Duk wanda ke cikin tawagarsa yana ji. Wannan matsala ta murya ba ƙarama ba ce, domin a Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhume shi, kuma daga cikin tuhumar har da barin hanyar magana da murya da rubutu a buɗe ga yara tun daga farko, abin da ya haɗa su da baƙi masu cin zarafinsu.

Wata za ta ce, to ai sai yaro ya riƙa ba da adireshin ƙarya. A'a, kada ya ba da ko wane iri. A ƙarshen Disambar 2017 wasu matasa biyu a Amurka suka yi rigima a wasan Call of Duty a kan cacar da ba ta wuce dala ɗaya da rabi ba. Ɗayan ya yi barazana, ɗayan kuma don nuna bai ji tsoro ba ya ba da adireshin wani gida da suka taɓa zama a garin Wichita na jihar Kansas. Aka sa wani mutum daga Los Angeles ya buga wa 'yan sanda waya ya yi ƙaryar cewa an yi kisa a gidan ana kuma tsare da mutane. 'Yan sanda suka kewaye gidan, wani magidanci ɗan shekara 28 mai 'ya'ya biyu, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya buɗe ƙofa don ya ga abin da ke faruwa, aka harbe shi har lahira. A 2019 kotu ta ɗaure wanda ya buga wayar shekara 20. Sakaya kai daban, jingina wa wani bala'i daban.

Haka batun shekaru. Yara kan ƙara wa kansu shekaru a lokacin buɗe asusu don a ɗauke su manya, alhali wannan ne ke kashe duk wata kariya da kamfanin ya tanadar wa ƙanana. Misali, a Nuwambar 2024 Roblox ya hana 'yan ƙasa da shekara 13 aika saƙon kai-tsaye a wajen wasa. A wancan lokacin, yarinyar da ta rubuta cewa shekarunta 20 ta cire wa kanta wannan rigar da hannunta. Sunan da 'yan wasa za su gani shi ake sakayawa, amma shekarun da za a faɗa wa kamfanin a faɗi na gaskiya, kuma ke ya kamata ki zauna ki buɗe asusun tare da ita.

Yanzu bari in koma ga fargabar maƙwabciyata, don ita ma tana da nata kason na gaskiya. Labulen da ya rufe ɗanki shi ne kuma ya rufe wanda yake magana da shi. A Ingila an yi wani yaro mai suna Breck Bednar, ɗan shekara 14, mai hankali da ƙoƙari a makaranta, wanda yake buga wasa da abokansa na makaranta. A cikin tawagar akwai wani da babu wanda ya taɓa gani, yana ce musu shi babban injiniyan kwamfuta ne mai kuɗi da ke aiki da gwamnatin Amurka. A zahiri kuwa saurayi ne ɗan shekara 18 da ke zaune shi kaɗai a wani ɗaki a yankin Essex. Sannu a hankali ya riƙa zuga yaron yana raba shi da iyayensa. Mahaifiyar ta lura ɗanta ya sauya, har ta kira 'yan sanda a Disambar 2013, aka kuma raba yaron da kwamfutarsa, amma mutumin ya aika masa da waya a ɓoye. A watan Fabrairun 2014 ya yaudare shi zuwa ɗakinsa ya kashe shi. An yanke masa ɗaurin rai da rai a 2015, ita kuma uwar ta kafa gidauniya da sunan ɗanta don wayar da kan iyaye da yara.

Duk lokacin da na tuna wannan labari jikina yakan yi sanyi, saboda uwar nan ba ta yi sakaci ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, ƙwace waya kaɗai ba ya yanke alaƙa, wani lokaci ma ƙara tura ta cikin duhu yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce ranar da yaro ya fara jin cewa Damisa wani mutum ne da Umma ba ta da hurumi a kansa.

Saboda haka a ganina sharaɗin guda ne: duniya kada ta san sunan gida, amma gida dole ya san sunan gem. Ki san sunan, ki san kalmar sirrin, ki san su wa yake wasa da su, wane ne ɗan ajinsu, wane ne bai taɓa gani ido da ido ba. A buɗe wa wasan imel nasa na daban wanda ba ya ɗauke da sunan kowa, da kalmar sirri wadda ba a amfani da ita a ko'ina, domin kamfanonin ma ana yi musu kutse. A Afrilun 2011 an kutsa rumbun PlayStation na kamfanin Sony, lamarin da ya shafi asusu kusan miliyan 77, da sunaye da adireshi da ranakun haihuwa. Wanda kalmar sirrinsa ɗaya ce a ko'ina, ranar da aka sace ta a wuri guda an buɗe masa duk ƙofofinsa.

Ki kuma riƙa kasa kunne ki ji irin bakin da Damisa yake da shi. Yaro mai ladabi a gida, wanda ba ya iya haɗa ido da babansa, sai ki ji shi a gem yana ɗura ashar kamar ɗan tasha, don yana ganin babu wanda ya san shi. Ki tuna masa cewa ana naɗar murya, ana ɗaukar hoton rubutu, kuma labule yana iya yayewa bayan shekaru, wataƙila a daidai lokacin da ake binciken halinsa don neman aure ko aiki.

Mu kanmu iyaye mata ba mu tsira ba. Nawa ne a cikinmu suke buga ludo ta waya da dare bayan yara sun yi barci, da cikakken suna da hoton kwalliyar Sallah, saboda ta Facebook aka shiga? Daga nan sai wani da kuka yi wasa sau ɗaya ya nemo ki ya fara turo gaisuwa, ranar da maigida ya ci karo da saƙon kuma a rasa ta inda za a fara bayani. Na san gidan da irin wannan ta kai har sai da manya suka sa baki, alhali baiwar Allah ba ta aikata komai ba face wasan ludo.

Maƙwabciyata dai ba ta karɓe wayar ba. Da yamma ta zaunar da yaron suka bi asusun tare, inda ta tarar sunan nasa ashe har da shekarar haihuwarsa a jiki, kuma yana cikin guruf biyu na WhatsApp da layin da aka yi wa rajista da sunanta. Sun cire shekarar, sun fita daga guruf ɗaya wanda babu ko mutum guda da ya sani a ciki, aka kuma yi yarjejeniya cewa a falo za a riƙa wasan, ba a ɗaki da ƙofa a rufe ba. Jiya da na shiga gidan na ji tana cewa, "Kai Damisa, kashe abin maganar nan, zan aike ka."